Kama da Wane Ba Ta Wane: Nawa Ya Kamata a Biya Motar Tsere ta Kwaikwayo a Yamai?

Kawuna ɗan Tawa ne, amma rabin rayuwarsa a Abijan ya yi ta, kamar sauran Adarawan da suka tafi bida Allah ya ba su. Yanzu girma ya zo, ya bar wa yara shago ya dawo Yamai ya zauna. Motar hawa yana da ita, Prado ce, tana kai shi Tawa ta dawo da shi bai buɗe kapo ko sau ɗaya ba. Abin da ransa ke so yanzu daban ne: motar ado, irin ƙananan motocin tseren nan na dauri marasa rufi, wadda zai fito da ita bayan la'asar ya bi bakin kogi a hankali. Ya ce tun yana ɗan dako a Treichville ya ga wani Bature a cikin irinta, har yau abin bai fita ransa ba.

Da yake na yi shekaru ina ɗauko motoci daga Kwatano, ni ya kira. Na tarar da shi a zaure da wayarsa cike da hotuna, ga dillali a gefe yana ta zuba. Motoci uku aka kawo masa talla. Ta farko wai Ferrari, ja wur, tana Lome, miliyan 14 na sefa. Ta biyu Cobra mai shuɗin fenti da farin zane biyu a tsakiya, tana Beljiyam, Yuro 55,000, wato miliyan 36 da ƴan kai tun ba ta taka jirgin ruwa ba. Ta uku Porsche 356 Speedster, ita tana nan Yamai a gidan wani baƙo da aikinsa ya ƙare yana haɗa kaya, an sa mata miliyan 18. Duka ukun na kwaikwayo ne, kuma babu wanda ya ɓoye hakan.

"Alhaji," in ji dillali, "ta ainihin wannan Porsche ɗin, ko miliyan ɗari biyu ka kai Amurka ba za su sallama maka ba. Kai kuwa sha takwas za ka bayar. Ai kyauta ce."

Kawu ya dube ni. Na ce, "Kawu, bai yi ƙarya ba. Sai dai maganar ba ta shafi cinikinmu ba."

Da wannan maganar ake fara cin mutane. Tsadar ta ainihi ba daga kyawun jikinta take ba, daga ƙarancinta take. Cobra da Ba'amurke Carroll Shelby ya haɗa, ya ɗauki jikin motar AC ta Ingila ya sa mata injin Ford, daga 1962 zuwa 1967 kusan dubu ɗaya kacal aka yi. Ta farkonsu, mai lamba CSX2000, an yi gwanjonta a 2016 kan dala miliyan 13.75, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta kasuwa ba. Speedster ta gaskiya, wadda Porsche ya fito da ita a 1954 don kasuwar Amurka, ba a yi dubu biyar ba aka daina a 1958. Babu mai iya ƙara ko ɗaya a kan waɗannan, shi ya sa masu kuɗi ke rububinsu. Ta kwaikwayo kuwa, muddin mazubin da ake zuba jikinta yana nan, gobe ma za a zuba wata. Matar da ta sayi atamfar Sin mai zanen Holan ba ta taɓa cewa ta ci riba don Holan ta fi tsada. Ta san abin da ta saya, tana auna shi da ƴan'uwansa na Sin, ta duba ko yana zuba, ko zaren yana da kauri. Motar kwaikwayo ma da ƴan'uwanta ake auna ta.

A bambanta ta da jabu kuma. Ta kwaikwayo takardarta na faɗin gaskiya: sunan kamfanin da ya ƙera ta, ko sunan motar da aka gina ta a kai. Jabu ita ce wadda kart giriz ɗinta ke cewa Porsche 1957 alhali ƙarƙashinta Volkswagen ne. In ka ga irin wannan, ko miliyan ɗaya aka ce, tashi ka kaɗe rigarka.

Tambayar da ta fi kowace yanke farashi ita ce: hannun wa ya haɗa ta? Akwai waɗanda kamfani mai suna ya ƙera daga farko har ƙarshe, da lambar shasinsa da littafinsa. Akwai waɗanda kamfani ya sayar da kayansu a akwati, mutum ya kai gida ya ɗaura da kansa a ranakun hutu, wani shekara biyu, wani goma. Akwai kuma waɗanda riga kawai aka sauya musu: an ɗauki wata mota mai rai an yanke mata fuska da baya an liƙa na wata. Daga nesa duk ɗaya suke, a kasuwa kuwa tsakaninsu akwai tafiya. Wani abin da ya ba Kawu mamaki, da yawa daga cikin waɗanda suka fi suna a nahiyarmu ake ƙera su. Cobra ta kamfanin Superformance, wadda ke da izinin kamfanin Shelby, a Port Elizabeth ta Afirka ta Kudu ake yin ta, garin da yanzu ake kira Gqeberha. Ta kamfanin Backdraft ma a Afirka ta Kudu ake yin ta. Amurkawa ke saye, Afirka ke ƙerawa.

Ferrari ɗin Lome ba ta ɗauke mu dogon lokaci ba. Na ce a ɗauko mana hoton inji da hoton takarda. Toyota MR2 ce ta shekarun 1990, mai silinda huɗu, an sa mata rigar Ferrari F355, motar da asalinta silinda takwas gare ta. Da an tada ita kowane yaron gareji zai gane, don murya ba ta ɓuya. MR2 kanta mota ce mai kyau, kuma injin Toyota ba baƙo ba ne a wurin makanikanmu. Amma an yanke ta, an ƙara mata nauyi, an tura tayoyin waje da zoben ƙarfe don su cika faɗin rigar, wanda ke cin beyarin da wuri. Ga kuma tambarin doki da aka liƙa ba da izini ba. Kamfanin Ferrari ba ya wasa da wannan. A 2013 ƴan sandan Spaniya sun rufe wani gareji a yankin Valencia da ke irin wannan aikin. Farashinta na gaskiya shi ne kuɗin tsohuwar MR2, a ɗora wani abu kaɗan don fenti in aikin ya yi kyau. Miliyan 14 kuɗin tambari ne, kuma tambarin ba nata ba ne. Kawu ma bai so ta ba. Ya ce ta yara ce.

Cobra ita ce ta tsaya masa a rai, ni ma ba zan ɓoye ba, na daɗe ina kallon hoton. Cikin ukun ita ce ta fi sauƙin sanin farashi, in dai da gaske Superformance ce kamar yadda aka faɗa, domin irinta na sauya hannu a kai a kai kuma ana ganin cinikin a fili. Akwai wuraren gwanjo a intanet, irin su Bring a Trailer na Amurka, da ke barin kuɗin da aka sallama kowace mota a rubuce, da hotunanta, da kwanan wata. Wannan shi ne abin dubawa. Abin da ke shafukan talla irin su Leboncoin ko mobile.de kuɗin da mai kaya ya sa ne, kuma kowa ya san tsakanin sa suna da sallamawa akwai rata; mota na iya yin wata takwas a can da farashinta ba wanda ya taya. Ka nemi biyar ko goma da aka riga aka sayar, kamfani ɗaya, inji iri ɗaya, cikin shekara ɗaya ko biyu da suka wuce. Ka jefar da mafi tsada da mafi araha, ka riƙe na tsakiya.

Sai dai ko a Superformance akwai wurin tuntuɓe. Kamfanin kan fitar da motar ne ba inji ba giya, mai saye ko dilansa ke sawa daga baya. Saboda haka biyu masu kama ɗaya na iya bambanta da miliyoyi, gwargwadon injin da ke ciki da hannun da ya ɗaura shi. Lambar 427 da ke gefen mota ba shaida ba ce. A ta asali tana nufin babban inji mai lita 7, amma da yawa daga cikin na kwaikwayo injin da bai kai haka ba ne a ciki, 302 ko 351, wani an faɗaɗa shi, wani ko faɗaɗawar ba a yi ba. Rasiɗin inji ake nema, da sunan wanda ya haɗa shi. In kuwa aka duba lambar shasi aka ga ba ta wannan kamfanin ba ce, kayan akwati ne irin na Factory Five ta Amurka ko Pilgrim da Dax na Ingila, to lissafi ya sauya gaba ɗaya. Ba wai ba su da kyau ba. Akwai waɗanda aka haɗa da hannu mai tsabta fiye da na kamfani. Amma kana sayen aikin mutumin da ba ka taɓa gani ba, da wayoyin lantarkin da shi kaɗai ya san inda ya bi da su. Kuma kwanakin da ya ɓata a kanta ba bashi ba ne a wuyanka. Mai sayarwa zai ce ya kashe kaza da kaza, ya nuna maka tarin rasiɗai. Kasuwa ba ta biyan wahala, abin da ke tsaye a gabanta take biya. A duba gefen sitiyari ma, don na Ingila da wasu na Afirka ta Kudu a dama yake, mu kuwa a dama muke tuƙi; wuce babbar mota a hanyar Doso da sitiyarin dama a cikin motar da ba ta kai ƙugun mutum tsawo ba, ba abin da zan so wa Kawu ba ne.

To mu ɗauka komai ya tabbata, Yuro 55,000 ɗin ma daidai ne a can. Kafin ta iso fa? Mota marar rufi ba a tura ta a buɗe cikin jirgi kamar sauran motocin hannu, sai an sa ta a kontena. Tun 2023 da hanyar Kwatano ta Gaya ta toshe, kaya ta Lome suke biyowa su ratsa Burkina, kwanaki sun ƙaru, kuɗi ya ƙaru. Sannan duwan. Motar hannu ta yau da kullum akwai littafin da ake duba darajarta, wannan kuwa ba ta cikin kowane littafi, kuma TVA kaɗai kashi 19 cikin ɗari ne, ban da sauran haraji. Duk wanda zai shigo da irin wannan ya zauna da tiranziter, mai fitar da kaya daga duwan, tun kafin ya tura ko tamma, ya nuna masa takardun, a san sunan da za a rubuta da darajar da za a ɗora harajin a kai. Da namu tiranziter ɗin ya gama lissafi, Cobra ta haura miliyan 50 kafin a ɗaura mata lamba. Binyet da asirans kuma ƙarfin injin da ke kan takarda suke bi, kowace shekara.

Bayan ta iso ne ma za a gane kyan ɗan maciji gare ta, kamar sunanta, don Cobra sunan maciji ne. Tsakanin cikinta da ƙasa bai fi faɗin tafin hannu ba. Tudun rage gudu ɗaya a cikin unguwa ya isa ya kankare mata tukunyar mai, balle a bar gudron a shiga yashin Talaje ko ramukan damina. Salansarta a gefe take, daidai inda ƙafa ke sauka in za a fita, kuma tana ƙuna. Mai babbar riga da wando mai faɗi ya yi tunani. Zafin inji na shigowa wurin ƙafafu, babu kilim, babu rufin kirki, ga Afrilun Yamai da ke wuce digiri 40. Injin da aka matse don gudu yana son esansi mai ƙarfi, in bai samu ba sai ya riƙa ƙwanƙwasa har ya ci kansa. Ƙarfinta kuma ya fi nauyinta nesa ba kusa ba, ba ta da ko ɗaya daga na'urorin da ke riƙe motocin zamani in taya ta zame. Na ce, "Kawu, wannan ba a hawanta da carbi a hannu." Ya yi dariya, amma ya ji.

Abu ɗaya zan ba ta: ita ce ta fi riƙe daraja. In an gaji da ita, akwai masu saye a Turai da Amurka da suka san sunan. Sai dai kuɗin duwan da ka biya a nan ba ya bin ta can, ya tafi ke nan. Kuma har zuwa lokacin cinikin biri a sama muke yi: hotuna ne a WhatsApp, daga hannun ɗan abokin wani. Ana so a tura kashi ɗaya cikin uku wai don a riƙe mana. Na ce ko sisi ba za a tura ba sai an biya ƙwararren mai duba motoci a can, wanda ba ruwansa da mai sayarwa, ya je ya ɗaga ta ya rubuto mana rahoto. Ƴan ɗaruruwan Yuro ne. Da aka faɗa wa mai motar haka, sai amsarsa ta fara jinkiri.

Speedster ita ce muka iya taɓawa da hannu, shi ya sa muka fi daɗewa a kanta. Na je da Baba, wani tsohon makanike da na sani tun ina yaro, wanda ya koyi aiki a kan Volkswagen mai ƙirar kunkuru, wadda masu Faransanci ke kira Coccinelle. Dalili kuwa, yawancin Speedster na kwaikwayo kunkurun ne a ƙarƙashi. Porsche 356 da kunkuru dangi ne tun asali: inji a baya, silinda huɗu a kwance, iska ke sanyaya shi ba ruwa ba. Abin da ake yi, a cire jikin kunkuru a bar farantin ƙasa, a yanke shi a rage tsawonsa, a sake haɗawa da walda, sannan a ɗora jikin fiba a kai. Tsakanin tayar gaba da ta baya a kunkuru mita 2.40 ne, a 356 kuwa mita 2.10, saboda haka santimita 30 ake cirewa. Ran motar gaba ɗaya yana wurin wannan waldar.

Baba bai ko kalli fentin ba. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi da tocila, aparantinsa na miƙa masa sukundireba. Ya daɗe yana ƙwanƙwasa farantin. Da ya fito ya ce, "Ɗana, waldar mai hankali ne ya yi ta, ta miƙe, an kuma ƙara mata ƙarfe. Amma akwai tsatsa a gefe guda, ta fara cin faranti. Ba ta huda ba tukuna." Wannan ita ce yaudarar jikin fiba: ba ya tsatsa, kullum sabo yake a ido, alhali ƙarfen da ke ɗauke da shi ya haura shekara hamsin. Ya duba lambar da aka buga a kan ƙashin bayan farantin, ta yi daidai da ta takarda, Volkswagen 1971. Haka ya kamata a gani.

Sai ya koma baya wurin inji. Ya kama fulin ya ja shi gaba da baya, ya ji ko yana wasa. Kaɗan ne, ya ce ba laifi. Inji 1600 ne, na asali, doki hamsin ko kusa da haka. Mai motar ya faɗi haka kamar yana jin kunya, ya ce akwai masu babban inji 1915, har da masu sa injin Subaru. Ni kuwa daɗi na ji. A Turai babban inji na ƙara wa motar kuɗi, a nan rage mata yake, domin duk abin da aka faɗaɗa zafi yake ƙarawa, kuma injin da iska ke sanyayawa iskar Yamai zai sha. Baba ya nuna mana abu biyu da ba zan taɓa lura da su ba. Na farko, robar da ke zagaye da inji, wadda ke hana iska mai zafi ta ƙasa komowa sama fanka ta sake zuƙarta, rabinta babu. Ya ce da yawa masu haɗa irin wannan mota ba sa damuwa da ita, a ƙasar sanyi ba a gane ba, a nan kuwa ita ce ke kashe inji, kuma silinda ta uku ce ke fara mutuwa. Na biyu, an cire matatar iska ta asali mai wanka da mai an sa karbirato biyu masu ƙyalli da ƴar raga a kai. Kyau kam akwai. Amma hazon Disamba zai bi ta ragar nan ya shiga inji kamar an zuba masa gari. Ya ce a mayar da matata ta gaske kafin a yi ko tafiyar Kollo da ita.

Birkin gaba disk ne, na baya tambur, ya isa ga mota mai wannan nauyin. Tayoyi sun nuna sabbi, amma da muka karanta lambobi huɗun da ke gefensu, waɗanda ke faɗin mako da shekarar da aka yi su, sun haura shekara tara. Roba ta bushe, sai an sauya. Nisan tafiyar da agogo ya nuna ban ba shi muhimmanci ba, don a irin wannan mota agogon daga ranar da aka ɗaura shi ya fara ƙirga, ba daga ranar da aka haifi injin ba. Motar da ta yi shekaru a ajiye ma ta fi ba ni tsoro a kan wadda ake hawa.

Jikin kuwa, a nan ne rauninta yake a garinmu. Toliye ƙarfe ya sani, ya buga ya miƙar ya shafa. Fiba ba ta lotsawa, tsagewa take, kuma gyaranta aikin wani hannu ne daban, da ƙyalle da ruwan gam ɗinsa. Mun ga ƴan tsage-tsage kamar saƙar gizo a kusa da marfin gaba da gindin gilashi. Rana ce ke ƙara su. Ƙofofi na rufuwa daidai, ratar da ke tsakaninsu da jiki ba ta buɗe a sama ba, alamar motar ba ta lanƙwashe a tsakiya ba. Gilashin gaba shi ne abin lallaɓawa, don in ya fashe babu shi a Katako, babu shi a Kano, sai an yi odarsa. Kayan inji da na ƙafa kuwa ba abin damuwa ba ne. An ƙera kunkuru fiye da miliyan 21 kafin a daina a Meziko a 2003, an harhaɗa ta a Legas tun daga 1975, har yau kuma ana yin kayanta sababbi. Abin da take so shi ne bidanj a kan kari da gyaran supap, aikin da Baba ke yi ido rufe. Damuwata ɗaya, irin su Baba sun fara ƙaranci, yaran yanzu sai sun jona kwamfuta suke jin ciwon mota.

Wanda ya haɗa ta ba kamfani ba ne. Kayan akwati ne daga Ingila, wan mai motar ya ɗaura su da sitiyari a hagu. Da ta Intermeccanica ce ta Kanada, ko Chamonix ta Brazil, ko PGO ta Faransa, da sai a auna ta da wani ma'auni mafi tsada. Saboda haka muka nemi irinta: haɗin gida, farantin kunkuru, inji 1600. Waɗanda muka samu an sayar a lokacin, tsakiyarsu ya faɗo wajen Yuro 22,000. Lissafin Yuro ba ya wahalar da mu tunda sefa a ɗaure take da shi, 655.957 kowane ɗaya; miliyan 14 da dubu ɗari huɗu ke nan.

Sai abin da dillali bai ambata ba, ni kuma tun daga ƙofar gida na gani: lambar motar ta wucin gadi ce, irin wadda ake ba baƙin ma'aikata. Ma'ana ba a taɓa biya mata duwan ba, kuma ranar da ta koma hannun ɗan ƙasa, harajin ya hau kansa. Mutane da yawa sun ci araha a hannun baƙi masu tafiya, daga baya suka gane rabin ciniki suka yi.

Ga yadda na jera wa Kawu lissafin a bayan ambulan. Farashin adalci yana tsakanin iyaka biyu. Ta sama ita ce abin da zai kashe in ya ce shi ma daga Turai zai ɗauko irinta: miliyan 14.4, a ƙara kusan uku na kontena da hanya kamar yadda tiranziter ya faɗa mana, a cire miliyan ɗaya da rabi na gyaran da wannan ke buƙata. Wajen miliyan 16 ke nan. Duwan bai shiga ba don ko ta ina aka bi sai an biya shi. Duk abin da ya haura 16, gara ya yi oda. Ta ƙasa kuma ita ce abin da zai rage a hannun mai motar in ya ƙi sayarwa a nan ya mayar da ita gida: miliyan 14.4 ɗin nan, a cire kuɗin kontenar komawa, a cire gyaran da mai saye na can ma zai cire, ga watannin jira. Wajen miliyan 10. Ƙasa da haka ba zai sallama ba, kuma bai kamata a matsa masa ba.

Tsakanin 10 da 16, ina za a tsaya? A nan ne ake tambayar wa ya fi buƙatar wani. Prado in ka kai ta tasha da safe, kafin azahar ta sami masu tayi biyar. Wannan kuwa, mutum nawa ne a duk Yamai za su fitar da miliyan goma sha wani abu don motar da ba ta ɗaukar iyali, ba ta zuwa ƙauye, ba ta fita da damina, kuma daga Maris zuwa Yuni sai dai bayan magariba? Watanni huɗu na sanyi su ne nata. Ƙarancin masu saye da ke taimakon Kawu yau, shi zai cije shi ranar da zai sayar, ko ranar da magada za su raba. Don haka dole farashi ya karkata ƙasa. Na ce masa ya sa a ransa kuɗin da zai sa a nan ba ajiya ba ne kamar fili a Kwara Kano ko shanu a Abalak. Kuɗin jin daɗi ne, in rabinsu ya dawo wata rana, to madalla.

Dillali ya ce ai akwai wani Alhaji daga Maraɗi da ke hanya da kuɗinsa. Kawu, wanda ya yi shekara arba'in yana jin labarin wannan Alhajin a bakin dillalai daban-daban, ya ce Allah ya kawo shi lafiya. Ya taya miliyan 10. Aka ce albarka. Muka sha shayi muka tashi.

Kwana tara bayan haka baƙon ya kira da kansa, jirginsa saura mako biyu. Aka tsaya a 12, da sharaɗin ba za a ba shi cikon kuɗi ba sai an gama takardun duwan an ga sunan da aka rubuta, Volkswagen, ba Porsche ba, kuma la'adar dillali a kansa. Da duwan da gyara, motar ta tsaya wa Kawu a kan miliyan 16 da rabi. Ni da a 11 aka tsaya da na fi jin daɗi, na kuma faɗa masa. Ya ce, "Yaro, miliyan ɗayan nan na Treichville ne."

Tana garejin Baba yanzu, an ɗaga ta a kan duwatsu ana kankare tsatsa. Robar inji da bel ɗin fanka guda uku suna hanya daga Legas, Kawu kuma ya sa a buga mata rumfar kwano a tsakar gida, a gefen da rana ba ta kaiwa da yamma.